Wa Ke Kunna Injin Madam Ranar Lahadi?

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina injiniya na gaske don kawai na iya danna maɓallai a jikin akwati lambobi su canza, wani abu ya faru a unguwar Kudenda ta Kaduna da har yau in na tuna shi sai na yi ajiyar zuciya. Ban taɓa ba da labarin a nan ba, amma yau ina da sarari, bari in ba ku.

Asalin sana'ata naɗin moton lantarki ce, a Makera. Moto, wato abin da ke juya inji, ya ƙone, a kawo mini, in kwance ƙonanniyar wayar in naɗa sabuwa. Ana haka sai zamani ya zo da wani akwati da ake haɗawa tsakanin wuta da moto, mu a bakin aiki inbata muke ce masa, ko da yake ba irin na sola ba ne. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta, baƙa, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ita ke auna wutar da ke shigowa, ta ba moto daidai cikinsa, ta tayar da shi a hankali, ta rage gudu ko ta ƙara, in ta ga zai yi zafi ta tsayar da shi tun bai ƙone ba. Da na ga abin nan zai raba ni da abincina, sai na ce gara in koye shi. Na koya rabi da rabi, na kuma fara amsa sunan Injiniya ba kunya.

Akwai wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke da wurin niƙa abincin kaji a Kudenda, kowa Madam yake ce mata. Mace ce mai zafin nama da zafin baki, amma ba ta da mugunta. Injinta babba ne, in ya tashi sai fitilun layin duka su dusashe, kuma moton ya ƙone na naɗa, ya sake ƙonewa na sake naɗawa, har na fara jin kunyar ganin an sauke shi a ƙofar shagona. Na ba ta shawarar inbata. Sabo ya fi ƙarfinta, sai muka samo ɗan Beljiyam, wanda ya yi aiki a wata ƙasa aka kwance shi aka turo mana. Na goge shi tas, na haɗa, na faɗa masa girman moton, na danna koren maɓalli. Injin ya tashi a hankali, ko fitila ɗaya ba ta ƙifta ba. Madam ta yi tafi ta ce, "Injiniya, you try!" Ranar nan da ƙyar kaina ya shiga ƙofar gida.

Sauran abubuwan da ke cikin kan inbatan ban taɓa ba. Mu dokarmu a sana'a ita ce, kayan Beljiyam in yana tafiya ba a tone masa ciki, don wanda ya tona shi ke biya.

Mai tuƙa injin abokina ne, kuma ni na kai shi wurin. Ya girme ni sosai, tsohon ma'aikacin masaƙa ne da ya daɗe a zaune bayan an rufe ta. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ka taka shi sai ya duba ko ƙafarka ba ta ji ciwo ba. Madam ta yarda da shi har ta ba shi makulli. Tsarinsu mai kyau ne: ranar Juma'a in ya tafi masallaci ita ke tsayawa kan inji, ranar Lahadi kuwa wurin a rufe yake, tana coci, shi kuma makulli yana aljihunsa ko da motar masara za ta iso daga ƙauye ya zo ya buɗe a sauke.

A daidai lokacin ne aka zo neman auren babbar 'yarsa. Yaron kirki ne, yarinyar ma tana so, saura binciken da dangin miji ke yi. Kun san yadda ake yi, ba a gaya maka ranar. Dattawa biyu za su bi unguwa su tambayi maƙwabta, su tambayi liman, sannan su biya inda uban yarinya ke neman abinci su ji wane irin mutum ne. An riga an gama da unguwa, an ce saura wurin aiki.

Sai wata Litinin Madam ta kira ni, muryarta ba yadda na saba ba. Na hau acaɓa na je. Ta ja ni ƙasan inji ta nuna mini garin masara, ɗan tsibi, sabo, a kan simintin da aka share ƙal ranar Asabar.

"Injiniya, wannan sati na biyu ke nan. Asabar muna sharewa, Monday mu tarar da gari. Kuma Mama ta ce tana jin inji ranar Sunday."

Mama wata dattijuwa ce mai sayar da kunun zaƙi da ƙosai a bayan katangar wurin. Daga rumfarta tana jin komai, amma ba ta ganin ƙofa. Na je na tambaye ta tsawon wane lokaci injin ke yi. Ta ce ita dai ta ji shi da kunnenta, ba ta riƙe agogo ba. Kafin maganar ta zagaya bakin masu dakon buhu ta dawo, ta zama wai wuni guda ake niƙa, har da layin mata da kwanuka.

Na ce, "Madam, garin nan bai fi cikin kwano ba. Wa zai buɗe wuri don wannan?"

Ta ce, "Ya kwashe sauran, wannan ne ya manta. Ni ba wutar ce ke damuna ba. Ranar Ubangiji na rufe wurina, na ba mutum key, shi kuma ya mai da ni mumu."

Aka kira abokina. Ya tsaya yana kallon garin kamar bai taɓa ganin masara ba, ya ce shi bai shigo ba, ba a ma kawo kaya a makonnin nan ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni da nake gefe na ƙagu ya yi faɗa, ya ɗaga murya, ya buga ƙafa, amma ina! Shirun nasa ma Madam ta ɗauke shi a matsayin rashin gaskiya. A gaban masu dako da masu jiran kaya ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makullinta. Ya ciro ya ba ta da hannu biyu, ya koma ya ci gaba da zuba masara.

Na yi zaton magana ta ƙare, tunda makulli ya koma jakarta. Litinin ta zagayo, sai ga gari a ƙasan inji kamar an aiko shi. Maimakon wannan ya wanke abokina, sai ya ƙara dulmiya shi, don yanzu cewa ake ya yanka wani makullin tun tuni ya ɓoye. Madam ta kira ni gefe ta ce, "Kai ka kawo shi, kai za ka gaya masa. Ya gama wannan sati, na gaba ya huta." Na roƙe ta ta ƙara mini Lahadi ɗaya. Da ƙyar ta yarda, tana cewa don ni ne.

Da yamma na same shi a ƙofar gidansa yana zaune kan tabarma. Ya rame a 'yan kwanakin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce mini a hankali, don kada na cikin gida su ji:

"Aikin ba ya damuna, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Amma dattawan nan in suka zo suka tambaya, aka ce ai an karɓe masa makulli, me zan ce wa yarinyar nan? Ita me ta yi?"

Shi ne ya kawo shawarar, ya ce ranar Lahadi mu je mu zauna tun safe mu ga wanda ke ɓata masa suna. Na ce to. A raina na gama yanke hukunci cewa cikin masu dako ne, har na zaɓi wanda zan fara shaƙewa.

Akwai wani kango da ke fuskantar ƙofar wurin, ginin da aka fara aka bari. Nan muka shiga muka zauna kan bulo. Kudenda ranar Lahadi shiru take, kamfanoni a rufe, sai ƙarar ganguna daga coci-coci da kukan awaki. Ga ƙaton kwaɗon Madam a jikin ƙofa muna kallonsa. Rana ta take, muka yi azahar a cikin kangon, ba wanda ya zo ko kusa. Mama ta dawo daga sujada a coci ta hango mu, gulma ta hana ta wucewa, ta kawo mana kunu a roba ta nemi bulo ita ma ta zauna. Tana ta ba mu labarin ciwon gwiwarta, abokina yana riƙe da kofi yana ce mata sannu.

Sai muka ji wani siririn fito daga ciki. Na san fiton nan, kukan inbata ne in zai tayar da moto. Kafin in haɗiye kunun bakina, injin ya fara juyawa, a hankali, a hankali, har ya ɗauki murya sosai. Ƙofa a rufe, kwaɗo yana rataye, ba kowa.

Mama ta zabura ta ce, "Jinin Yesu!" Abokina ya ce, "Innalillahi." Injiniya kuwa, mai ilimin zamani, wanda ya kamata ya yi wa jama'a bayani, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai da na kai bakin titi na lura takalmina ɗaya ya rage a kango, kuma ina karanta addu'ar da ban san na haddace ta ba. Da na waiwayo na ga dattijon da tsohuwar suna tsaye ba su gudu ba, kunya ta dawo da ni. Muka leƙa ta tagar waya. Injin yana juyi shi kaɗai, ragowar masarar da ta maƙale a ciki tana zubowa gari a kan siminti. Bai daɗe ba ya rage gudu ya tsaya, lambobin jikin akwatin suka koma yadda suke.

Na kira Madam. Tana taron zumuntar mata a cocinsu a Trikania, ta taho a keke mai ƙafa uku da anko ɗinta da ɗankwali, fuska a murtuke, don ta ɗauka wata dabara muka shirya. Ita da kanta ta ciro makulli daga jaka ta buɗe. Ga gari nan sabo. Mama ta dafa ƙirji ta ce:

"Madam, ni ce na faɗa miki ina jin inji, to yau ni ce na gani. Malam yana kusa da ni, kunu na hannunsa. Ba mutum ba ne ya kunna."

Madam ta ja da baya har ta bugi buhu. Ta ce a kira fasto yanzun nan, wani ne ya yi mata asiri don ya ga wurinta na ci gaba. Mama ta ce ai dama filin nan da can akwai tsamiya. Ni kuma a lokacin hankalina ya fara dawowa gida, na tuna cewa aljani ba ya buƙatar tayar da moto a hankali don kada fitila ta dusashe. Wanda ya yi wannan tashin mai ladabi, 'yar ƙwaƙwalwar nan ce.

Na ce a ba ni ɗan lokaci. Na duba lambar jikin akwatin, na nemo littafinsa a waya, na shiga cikin kansa ina bin saitin ɗaya bayan ɗaya, wuraren da ban taɓa leƙawa ba. Gumi yana ɗiga daga haɓata, Madam tana tsaye a kaina tana cewa, "Injiniya, talk now." Can ƙasa na same shi. Ashe a ƙasar da ya fito, famfon ruwa yake juyawa. Shi kuwa famfo in ya daɗe a tsaye yakan cije, don haka masu shi na farko suka umarci ƙwaƙwalwar cewa in ta ga an wuce yini da kwana ba a yi aiki ba, ta juya moton na ɗan lokaci ta tsayar. An kwance shi, an sa shi a jirgin ruwa, ya sha hannun dillalai, ya zo Kudenda, umarnin yana nan a kansa ba wanda ya ce masa ya bari. Shi bai san masara ba, har ranar yana ganin famfo yake yi wa hidima.

A ranakun aiki ba a barinsa ya huta har lokacin ya cika, da safe an tayar da shi. Sai daga yammacin Asabar zuwa Lahadi. Babban makunnin wurin kuma ba a kashe shi, saboda fitilun waje a kansa suke.

Na yi wannan bayanin da Hausa, na maimaita da guntun Turancina, Madam ta ce ita ba ta gane ba, kuma ba ta yarda ba. Na ce to gani ya kori ji. Na rage lokacin jiran ya koma 'yan mintoci, na ce kowa ya matsa baya ya harɗe hannu, har da ni. Muka tsaya cirko-cirko muna kallon akwati. Wallahi jiran nan ya fi mini na kango tsawo, don in abin ya ƙi tashi ban san da wane ido zan kalli abokina ba. Sai ga fiton nan. Injin ya juya, ya yi abin da zai yi, ya tsaya. Na shiga na goge umarnin, na goge duk wani abin da ba ni na sa ba.

Madam ta zauna kan buhun masara da ankonta mai tsabta. Sannan ta ciro makullin ta miƙa wa abokina, idonta ya kawo ruwa.

"Malam, na ci mutuncinka. Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Na yafe, Madam, tun kafin ki roƙa. Amma ki riƙe shi tukuna. A gaban mutane kika karɓa."

Ta kalle shi, ta gyaɗa kai, ta mayar da makullin jaka. Washegari da safe ta tara kowa, masu dako, masu jiran kaya, har da mai shayin bakin hanya da ba ruwansa. Ta faɗi abin da ya faru da bakinta, ba ta rage laifinta ba, ta ce duk wanda ta sake ji ya tayar da maganar wani makulli to ya nemi wani wurin dako. Sannan ta ba shi makullin da hannu biyu, yadda ya ba ta. Ta kuma ƙara da labarin gudun Injiniya da takalmi ɗaya, wanda ni a ganina ba ya cikin abin da aka taru a kai.

Dattawan sun zo cikin makon. Ina wurin ina haɗa wani makunni na daban, wanda in an kashe shi inji ba shi da hanyar samun wuta ko da ƙwaƙwalwar ta yi mafarki. Suka yi sallama, masu fararen gemu, suka ce suna son ganin mai wurin a keɓe. Abokina ya gane su, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinke bakin buhu. Madam ba ta iya magana a keɓe ba, ana jin ta har waje. Ba ta ɓoye musu komai ba, ta ba su labarin tun daga garin farko. Na ce a raina yau matar nan za ta ɓata abin da aka gyara. Sai na ji ta ce:

"Baba, na zargi mutumin nan da abin da bai yi ba, na kunyata shi a gaban yara. Bai zage ni ba, bai rage mini aiki ba ko na buhu ɗaya. In 'yarsa ta ɗauko ko rabin halinsa, abeg ku yi sauri kafin wasu su riga ku."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce sun gode, sun ji abin da suka zo ji. Da za su fita suka tsaya suka ba abokina hannu, shi da garin masara har gira. An ɗaura auren bayan sallah, Madam da Mama suka zo da ankonsu suka fi kowa rawa a wurin mata.

Na koyi abubuwa a aikin nan. Yanzu duk akwatin da ya zo hannuna, sabo ko tsoho, sai na mayar da kansa fanko na zuba abin da na sani da hannuna, ko da mai shi yana gaggawa. Kuma na daina yi wa mai shiru kallon marar hujja.

Amma abin da ke sa ni ajiyar zuciya daban ne, kuma sai daga baya na gane shi, ina karanta sauran littafin a shago. Lissafin jiran nan da ƙwaƙwalwar ke yi, in wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido, gogewa yake ya koma farko. A unguwar da ake ɗauke wuta ba sallama, ranar nan tun daga yammacin Asabar har la'asar ɗin Lahadi ba a taɓa ta ba. Da an ɗauke, da mun wuni a kango injin bai ce uffan ba, Litinin a tarar da siminti ƙal. Kowa zai ce, to ga shi nan, ranar da aka sa masa ido ba a niƙa komai ba. Da ni kaina ban san me zan ce ba.

Na taɓa gaya wa abokina wannan, muna zaune a ƙofar gidansa, jikarsa ta fari, 'yar wannan auren, tana hawa masa kafaɗa tana jan hularsa. Ya sauko da yarinyar ya zaunar da ita kan cinyarsa, ya riƙe ta sosai. Sannan ya ce, "Kada ka gaya wa uwarta."